Mai Ido Ɗaya a Shagon Gwanjo

Ina cikin shagon kayan gwanjo ƙanwar aminina ta kira ni, ta ce ya rasu da hantsi. Tare muka tashi da shi. Sai na jingina da bango ina kallon wani dattijo.

Rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, ga guntun zare a kafaɗarsa, wataƙila tela ne. Idonsa na hagu a shafe yake. Madubin hangen nesa biyu ne a gabansa, yana ɗaga kowanne yana jin nauyinsa, domin hannunsa na rawa.

"Babban nan sai ya sa taurari su yi mini tsalle," in ji shi. "Ba ni ƙaramin. Kuma ka rage rabi, ido ɗaya zan sa."

Mai shago yana dariya. "Baba, ai ba a sayar da shi ɓari-ɓari."

"To yi sauri. Likita ya ce na daman ma ya kusa bin ɗan'uwansa. So nake in ga Kaza da 'Ya'yanta sosai kafin nan."

Ya juyo ya miƙo mini. "Ɗana, duba mini ɓangaren hagun, jikata ma za ta leƙa."

Na kafa shi a fuska. Titi da motoci duk sun narke.

"Dishi-dishi nake gani, Baba."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya zaro hankicinsa ya sa mini a hannu.

"Share naka tukuna. Zan jira."