Baƙon da Ya Tambayi Ƙarshen Labari

Jiya wani babur ya tsaya a ƙofar gidanmu, sai na tuna da Kawu.

Kawu marubucin littattafai ne a nan Birnin Gwari. Ba ya rubuta magana sai ya furta ta da baki, ya ji zamanta a kunne. A gindin mangwaro yake zama, yana sauya murya kamar mutum uku ne a kan tabarmarsa.

Wata rana da la'asar na kawo masa kunu, sai ga baƙo ya sauka daga babur, rawani ya rufe masa fuska, yana warin fetur da hayaƙin daji. Bai zauna ba.

Ya ce, "Malam, na saurari littafinka a waya. Yaron nan da aka kwashe wa shanu ya shiga daji, wa ya ba ka labarinsa?"

Na ajiye kwanon kunun a gaban Kawu.

Kawu ya ce, "Ba kowa, ɗana. Ni na ƙirƙire shi."

"To, yaya zai ƙare a littafi na biyu?"

"Ban kai nan ba tukuna."

Baƙon ya ce, "Kada ka kashe shi." Ya tayar da babur, ya nufi hanyar Dogon Dawa.

Daga ranar Kawu ya koma rubutu a ɗaki, yana raɗa. Har ya rasu bai kashe yaron ba, bai kuma samo masa hanyar gida ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya zaunar da dajinmu lafiya.