Muryar Baba a Tsohon Kaset

Jiya Malam Sani mai gyaran rediyo a Bodinga ya sa wa tsohuwar motata amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Wajen gwaji na miƙa masa kaset ɗin da marigayi Baba ya aiko mana garin Shagari daga ci-rani, zamanin Jamhuriya ta Biyu. Gunji kawai ke fita.

"Ƙara masa ƙarfi," na ce.

"A'a Alhaji, in munka ƙure shi muryar fashewa za ta yi. Bari in rage bes, kaurin sautin ya yi yawa."

Sai ga Baba tangaran: "Yara ku yi haƙuri, bana babu kayan Sallah."

A wancan lokacin, fushi na yi da shi. Sai jiya na ji ashe muryarsa rawa take.

Ku fa, muryar wa kuke kewa?