Hannun Baba a Kotun Wasa

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na ga hannun babanmu a cikin fim ɗin dariya ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Lokacin Baba yana kwance, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, harshe ya yi nauyi, magana sai dai nuni da hannun dama. Mutumin da a da in yana cinikin hatsi a kasuwar Dutsin-Ma har bakin titi ake jin muryarsa. Ni ce babbar ɗiyarsa, gidana kuma kusa, sai jinyar rana ta faɗo kaina. Abu ɗaya yake so. Da an kawo wuta bayan azahar, zai nuna tsohuwar bidiyo in saka mashi wani kaset, kullum shi.

Tsohon fim ne na soyayya da barkwanci. Wani saurayi ya kai ƙarar budurwa wai akuyarta ta cinye mashi hular salla, alhali ganinta kawai yake so ya riƙa yi. Duk zama sai ya ƙirƙiro dalilin ɗage shari'a, ita kuma ta yi ta zazzaga mashi masifa, har alƙali ya gano bakin zaren ya ce iyaye su shigo maganar. A Kurfi aka ɗauki wurin kotun, cikin wani aji, ranar kasuwa, aka kwaso mutanen gari aka cika bencina da su.

Kallon farko na yi dariya har da hawaye. Zuwa na ashirin kuwa, ji nake kamar in jefa kaset ɗin rijiya. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na ce, "Baba, wai akuyar nan har yau ba ta ƙoshi da hular nan ba?" Ko murmushi bai yi ba. Sai a lokacin na ankara, tun da muka fara kallon nan bai taɓa yin dariya ba ko sau ɗaya.

Ran nan gidan ya yi tsit, yara duk suna Islamiyya, ba ka jin komai sai ƙugin fanka. Aka zo inda alƙalin wasa yake tambaya ko akwai mai magana kafin ya yanke hukunci. Can bencin baya wani dattijo siriri mai malafa a hannu ya miƙe, ya buɗe baki. Sai wani hannu ya fito daga gefe ya fizgi rigarsa, ya koma ya zauna, kotu ta kwashe da dariya. Ni duk a zatona cikin wasan ne.

Baba ya yi wani irin gurnani, ya bugi katifa, ya nuna in mayar baya. Na mayar. Ya sake nunawa. A karo na uku na tsayar da hoton na matsa kusa. Kowa a kotun baki buɗe yana dariya, ban da dattijon. Shi ya juyo sosai, idanunsa cikin ɗakinmu, kamar ya san muna zaune. Hannun da ya riƙe rigarsa kuwa akwai zoben azurfa mai baƙin dutse a ƙaramin yatsa. Na waiwayo a hankali. Ga zoben nan a ƙaramin yatsan Baba, a kan katifa.

"Kashe abin nan," in ji Inna daga bakin ƙofa. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

A tsakar gida ta faɗa mani, murya ƙasa-ƙasa. Dattijon manomi ne daga wajen Makera. Maƙwabcinsa ya ci mashi rabin gona, maƙwabcin nan kuma shi ne ubangidan Baba a harkar hatsi. Cikin waɗanda suka ga ranar da aka sa iyakar gonakin, Baba kaɗai ya rage a raye. Dattijon ya yi ta binsa ya yi mashi shaida, har ya bi shi kasuwar Kurfi. Can ya ji ana cewa alƙali ya zo yana zama a makaranta. Bawan Allah bai san fim ba, ya ɗauka kotun gaske ce, ya miƙe zai ce ga shaidansa nan kusa da shi. Baba ya zaunar da shi ya ce, "Malam, wasa ake yi."

"Ai gaskiya ya faɗa mashi," in ji Inna. "To amma kotun gasken ma bai je mashi ba. Damina biyu tsakani mutumin ya rasu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunya, na kuma ji tsoro, don na san Baba ya kusa tafiya da shaida a bakinsa. Na koma ɗaki na ce, "Baba, kallo me zai yi ma dattijon nan? Ka san inda iyakar take har yanzu?" Hawaye ya gangaro mashi. Ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa.

Ƙannena maza suka ce hauka nake, zai iya cikawa a hanya. Na ce gara ya cika a hanya da ya cika da wannan. Aka sanar da mai unguwa da magadan gida biyun. Da hantsi muka sa shi a mota da katifarsa, da muka isa ƙauyen maza huɗu suka ɗauke shi suka ratsa kunyoyi. Yana ta nuni ana bi, har cikin gonar maƙwabcin, gindin wani kututturen aduwa. Nan ya tsayar da yatsa. Aka haƙa, ba a yi nisa ba fartanya ta daki dutse. Tsohon dutsen niƙa ne da iyayen masu gonakin suka binne don ya zama alamar iyaka. Ɗan maƙwabcin ya dube shi, ya ce bai da ja.

Ɗiyar dattijon, ita ma ta manyanta, ba dutsen ta kalla ba, hannun Baba take kallo. Ta ce, "Babanmu ya ce kada mu bar ƙauyen nan. Ya ce mai zoben zai zo, ko a kwance ne." Baba ya yi ta ƙoƙarin magana, ta gane abin da yake roƙo. Ta ce, "Mu dai mun yafe, Alhaji. Nashi kuma sai kun haɗu."

Kwana tara bayan nan Baba ya rasu, bai sake nuna kaset ɗin ba. Bayan sadakar arba'in na saka shi ni kaɗai. Komai garau, sai daidai wurin nan hoton ya dagule, bencin baya ba a ganin kowa. Ƙanena ya ce yawan mayarwa baya ne ya cinye zaren. Wataƙila haka ne, ban yi musu ba.

Abin da na koya shi ne shaida amana ce, kuma mai ita ba kullum yake jiranka a raye ba. Tun daga ranar, in na ga mutum ya miƙe zai faɗi damuwarsa, ko ana tsakiyar dariya ne, ba na cewa ya zauna.