Koren da ke Jikin Kwabo

A shekarar kullen korona muna zaune a ƙasar waje, a wani dogon bene a unguwar Setapak, ƙofarmu na kallon ta wani Bakatsine mai karatun digiri na uku. Abin da ya ɗauke masa hankali kuwa tsofaffin kwabban tagulla ne na daular Rum. Yakan saye su ta intanet da ƙasa a jikinsu, ya jiƙa a kwalbar man zaitun wata da watanni, sannan ya zauna da tsinken sakace yana tono haruffa. Na koyar da tarihi a sakandare kafin in biyo maigidana, don haka a hawanmu ni kaɗai nake sauraronsa ba don kara ba. Shi ya gaya min koren nan da ke jikin kwabo ba datti ba ne, fuskar sarkin a cikinsa take.

Akwai guda da ya kusa karantawa, saura sunan sarkin, korona ta kwantar da shi. Motar asibiti ta tafi da shi, ba a yarda kowa ya bi ba.

Matarsa ba ta iya zaman banza ba. Ta wanke labule, ta wanke bango, sannan ta juyo kan kwalbar. Ta sa lemun tsami da gishiri da soson ƙarfe, yadda ake goge tasar jere a gida, wai ya dawo ya tarar da su fes. Ta jera su a faranti, ta ajiye min a bakin ƙofa in gani, ta ja baya kamar yadda doka ta ce. Sheƙi kam sun yi. Sarakunan duka sun koma maɓallan riga.

Ana nan ya kira ta bidiyo, robar iska a hanci, ya ce ta nuna masa kwabon, yana jin ya gano sunan a kwance. Ta ce sabis ba kyau, ta kashe, ta zo ta tambaye ni. Na faɗa mata gaskiya, na ce ta mayar da su cikin mai, ta nuna masa kwalbar daga nesa. Ya duba ya duba, ya ce kada ta taɓa, zai zo ya ƙarasa.

Mazajenmu ma daga bayan shinge suka ga jana'izarsa.

Tana cikin takaba na kai mata abinci. Ta karɓa, ba ta rufe ƙofar ba.

"Yaya, koren nan yana dawowa?"

"Yana dawowa, in an daɗe. Fuskar ce ba ta dawowa."

Ta ce to, dama tambaya take.