Matar da Ta Mayar da Hotonta

A shekarar da ƙasar Sin ta karɓi gasar Olamfik biza ta yi wuya, don haka da tawa ta fito sai na ji kamar an ba ni kujerar Makka. A unguwar Liuhua muka kama ɗaki ɗaya da wata Hajiya 'yar Maraɗi mai sarin atamfa, wadda ta girme ni sosai. Mun gama loda kaya, kwantena ta wuce tashar jiragen ruwa ta Nansha, saura kwana uku mu tashi, ba mu da aikin yi.

Matar da nake sayen leshi a shagonta a kasuwar Shahe, wadda muke kira Laoban, wato mai shago, ta ce za ta kai mu kallo. Mun ɗauka sabuwar kasuwa ce. Sai ga mu a gidan tarihi, inda aka baje kayan wata hamshaƙiyar matar sarauta ta Italiya, wadda ta ɗauki nauyin manyan masu zane shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ga hotuna, ga tangaram, ga wasiƙunta cikin gilashi.

Laoban tana karanta bayanin da Sinanci, ta faɗa min da guntun Turancinta, ni kuma in juya wa Hajiya da Hausa. A wata wasiƙa matar ta aika a sayo mata yadi, amma in an taɓa ganin irinsa a jikin wata, a bar shi.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ƙanwata, wagga ai kwastomata ce. Bayan babbar kasuwa gidanta yake."

Muka ƙara gaba. Laoban ta ce an taɓa zana matar, ta mayar da hoton don an yi mata ƙiba. Da ta tsufa kuma ta sa aka zana ta tana budurwa. Nan dariya ta ƙwace mana. Ina toshe baki, Hajiya tana dukan kafaɗata, har mai gadi ya taso yana mana alamar shiru. Laoban ta raɗa masa dalili, ya koma kujerarsa yana cije leɓe don danne dariya.

Hannun rigar matar da ke cikin hoton ne ya tsaya wa Hajiya a rai, kumburarre kamar tulu. An hana ɗaukar hoto, sai ta zaro jagira ta zana shi a bayan tikitin shiga.

Washegari muka bi teloli. Huɗu suka ce meiyo, wato babu. Na biyar ya juya tikitin sama da ƙasa, ya ce mu dawo gobe.

Da sabuwar rigar a jikinta Hajiya ta hau jirgi, koriya shar, tana tafiya a karkace don ta wuce tsakanin kujeru. Ni ce a gefenta. Sau biyu hannun nan ya shiga kofin shayina kafin mu sauka Dubai, kowane karo ta matse shi ta ce, "Yi haƙuri, ƙanwata, ban saba ba tukuna."