Abin da ke cikin fulas ɗin Inna

Sama da shekara talatin ban ba da labarin nan ba, ko 'ya'yana gutsure suka sani. Yau zan faɗa.

A ƙarshen shekarun 1980 na yi haihuwar fari a Tsiga. Jini ya zuba sosai. Kwana huɗu fitsari ya ɗauke, ƙafafuna suka kumbura. Likita a Funtua ya ce ƙodata ta tsaya, sai wankin ƙoda, injin kuma sai can kudu.

Maigidana ya sayar da shanun huɗarsa. Na bar jaririya hannun yayata, muka tafi da Inna, mahaifiyata.

Bayan mako biyu a kwance aka sallame ni, ina zuwa wankin Talata da Juma'a daga ɗakin da muka kama. A auna nauyi, a ɗebi jini, sannan awa huɗu ina kallon jinina yana fita ta roba yana dawowa. Littafin soyayyar da na taho da shi yana buɗe a cinyata, na kasa wuce shafi ɗaya. A littafi wadda ake so ba ta cika mutuwa ba. A ɗakin wankin kuwa, matar da ke gefena ranar Talata, Juma'a babu ita.

Kullum aka auna ni nauyina ya ƙaru. In na kwanta numfashi ya sarƙe. Likita ya ƙara ƙwayoyi, ba canji. Na fara tunanin 'yata za ta tashi ba ta san fuskata ba.

Akwai wata nas Bayerabiya, haifaffiyar Funtua, Hausarta tas. Ta sha gaya mini abin da ke damunta: likita minti biyar yake ganinmu, su nas injin ya cinye hankalinsu, mai ba da magani kuma, wanda ya san aikin kowace ƙwaya, an bar shi bayan taga yana miƙo leda. A ganinta nan ɗakin ya kamata ya zauna.

Wata Juma'a ta je ta taho da shi da kanta.

Dattijo ne. Ya sa ta tambaye ni me nake sha wanda ba shi ya ba ni ba. Na ce ba komai. Nas ta dubi fulas ɗin da Inna ta rungume.

"Inna, mene ne a ciki?"

"Kunun kanwa ne, 'yar nan. Mai jego ce fa. So kike sanyi ya kama ta?"

Ni ma sai na fito da ƙwayoyin ciwon jiki da na saya a kasuwa kafin mu taho.

Bai yi faɗa ba. Ya ce kanwa kamar gishiri take, tana tara ruwa a jiki, ƙodata kuma ba ta iya fitar da shi. Ƙwayoyin kuwa suna ƙara danne ƙodar.

Inna ta ce, "Ashe da hannuna nake ba ta." Ita ta zubar da kunun.

Kumburi ya fara saɓewa. Mako uku bayan haka fitsari ya dawo. Na tsaya a banɗaki ina kuka.

Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Inna, Ya saka wa nas ɗin nan da dattijon nan.

Mai jinyar ƙoda, ki kwashi duk abin da kike sha, na asibiti, na kasuwa, na gida, ki kai wa mai ba da magani ya gani. Har kunun da uwarki ta dama miki.