Ranar da Na Ɗauke Baba Isuhu daga Kan Sikeli

Kwali ɗari uku na dabino, kwana goma sha ɗaya kafin jirage su gama kwashe alhazai, da aikin dattijo guda. Abin da ke gabana ke nan a ranar da har yau ba ta fita raina ba, kwana huɗu bayan saukowa daga Arfa.

Ga wanda bai san sana'armu ba, mai dabino a unguwar Hindawiyya, nan kusa da Harami, shekararsa duka a cikin 'yan kwanakin nan take. Da alhaji ya gama jifa ya yi ɗawafi, sai hankalinsa ya koma kan tsaraba. In ya tafi ba ka sayar ba, kaya su zauna maka cikin zafi har ƙwari su shiga. Ni da na fara da tura tsofaffi a keke a Harami har na buɗe shago, ba na wasa da waɗannan kwanaki.

Baba Isuhu wurin 'yarsa ya zo zama a unguwar Zahir. Mijinta ne ya kawo mini shi, ya ce zaman gida ya ishi tsohon. Na ɗora shi a kan sikeli. A hira ya gaya mini kusan shekara talatin ya yi yana wasan kwaikwayo a talabijin a Kano, kuma bai taɓa zama jarumi ba. Ya ce tun yana yaro a gidan silima, in an sa tsofaffin finafinan Amurka, abokansa mai doki da bindiga suke kallo, shi kuwa mutumin da ke baya yana goge kofi. Fuska ɗaya a fim goma, ba wanda ya san sunanta, amma in babu ita fim ba ya zaunawa. Irin wannan ya so ya zama, kuma ya zama. Abin da aka fi ba shi shi ne Na-Tauye, ɗan kasuwa mai bugun gindin mudu. Ni na baro gida da wuri, ban taɓa ganin wasan ba. Masu saye a wurina kafin aikin hajji kuwa haihuwar nan ne, su ma ba su sani ba.

Ranar da nake faɗi, da hantsi, wasu mata alhazai suka shigo. Babbarsu ta ce a auna mata kilo biyu na dabinon ajwa. Baba Isuhu na cikin awo ta ƙura masa ido, sai ta dafa ta kusa da ita ta ce wallahi Na-Tauye ne. Da farko dariya aka yi, har da shi. Sai ta ce a sake awon a gabanta. Na karɓa na auna da hannuna, kilo biyu har da ɗoriya. Ta ce ai haka yake yi, in an sa masa ido sai ya cika. Ta juya gare shi.

"Baba, har a garin Allah ba ka tuba ba?"

Ya ce mata wasa ne, Hajiya, rubutawa ake yi a ba shi. Ta ce ita da idonta ta ga ya cuci marayu a kan buhun gero. Suka ajiye ledojin suka shiga shagon maƙwabcina.

Kafin la'asar labari ya zagaya masaukai. Mutane suka yi ta zuwa, ba don saye ba. Su ɗaga waya su ɗauke shi hoto, wani ya ce ya ɗan buga mudun su gani. Yana tsaye da hannu a kan sikeli, yana murmushin da ba na murmushi ba. Ranar ko kwali biyu ban buɗe ba.

Bayan salla na kira shi gefe. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce daga gobe ya koma sito, bayan shago, yana liƙe kwalaye, albashinsa ba zai ragu ba. Sai ya ce:

"Alhaji, ban taɓa tauye wa ɗan Adam ƙwayar hatsi ba. Na ɗauka a nan zan yi awo da sunana."

Ya roƙa in bar shi ya riƙa auna wa Turkawa da 'yan Indonusiya, tunda su ba su san shi ba. Na ce a'a, cinikina na Hausawa ne, kuma in yana gaba za su gan shi. Ya ce to, maigida. Bai taɓa kirana maigida ba sai ranar.

Ya gama kwanakin a sito, inda fanka ɗaya ce. Ba ya fitowa cin abinci tare da mu. Da alhazai suka tafi na ce ya dawo gaba, ya ce ƙafafunsa ba sa jure tsayuwa. Daga nan ya daina zuwa. Na yi ta cewa zan je Zahir in duba shi, mako ya zama wata. A Sha'aban surukinsa ya bugo waya, ya ce Baba Isuhu ya rasu. A Harami aka sallace shi bayan azahar, cikin jama'ar da ba ta ƙirguwa, kuma in ka cire mu shida da muka kawo shi, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Abin da na koya shi ne mai saye fuska yake fara dubawa kafin kaya, kuma in ya yanke hukunci, sikeli ba ya canza masa ra'ayi. A ƙa'idar kasuwa ban yi kuskure ba, in aka sake ma ban san zan yi daban ba. Kayana duka sun fita. Amma ina da ɗabi'a: duk mai awon da na ɗauka, nakan tura wani ya saya a ɓoye in sake aunawa. Cikin mutum goma sha huɗu da suka tsaya mini a kan sikeli, mutum ɗaya ne ban taɓa samu da ragi ba, kuma shi kaɗai na cire.